Mutumin da Ke Tsakiyar Hoton

Tun kafin motar ta fita daga unguwarsu Auta ta fara jin tsoron tafiyar nan.

Baba ne a gaba, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, sandarsa jingine a gwiwa. Mai tuƙi kuwa Dogo ne, likitan dabbobin da ta riga ta gaya wa duk mai kunne cewa in ba shi ba, sai dai ta tsufa a ɗakin Mama. Mama da Gwaggo suna kujerar tsakiya. Auta tana can baya, kular ruwan sanyi a tsakaninta da Manaja, ɗan Gwaggo, wanda ba wanda ya gayyace shi amma ya zo da jakunkuna da baƙin tabarau a goshi.

Wanda bai san gidan ba sai ya ce yawon buɗe ido kawai za su. To, haka ne, amma da sauran magana. Baba ba ya tambayar mai neman 'yarsa albashi, ba ya tura kowa bincike. Makullin mota yake miƙa masa, ya ce su tafi gandun namun dajin da ya yi aiki a cikinsa tun yana saurayi. A hanya zai tsaya a kowane ƙaramin gari, ya sa ka zagaya abin da ba ka tambaya ba, yana kallon yadda kake yi da yunwa, da rana, da mai sayar da man da ya cika surutu. In an dawo gida ne zai ce e ko a'a. Mazan yayyenta duk ta nan suka bi, har yau ɗaya daga cikinsu in ya ji an ce gandu sai ya tashi ya ce zai sha iska.

Auta ba ta jin tsoron rana ko yunwa a kan Dogo. Abin da take tsoro daban ne.

Ƙafar Baba tarkon ƙarfe ne ya lalata ta, irin wanda mafarauta ke binnewa a hanyar ruwa. Tun daga nan in aka ambaci mai ɗana tarko a gabansa sai fuskarsa ta canza, gidan ya yi tsit. Mahaifin Dogo kuwa mafarauci ne, a wannan gandun yake shiga, kuma su Baba ne suka kama shi. Ya yi zaman gidan yari, ya fito da tarin da bai sake shi ba har ya rasu, Dogo yana makarantar sakandare.

Dogo bai ɓoye mata ba. A bayan asibitinsa ya gaya mata, yana wanke hannu bayan ya ɗinke wa wata akuya ciki.

"Zan faɗa wa Baba, Auta. Gara ya ji daga bakina."

"Ka faɗa masa, ka kashe ni ke nan," ta ce, hawaye har sun riga maganar fitowa. "Ba ka san shi ba. Ni na tashi ina jin shi yana nishi saboda ƙafar nan. Ga Gwaggo tana neman ko da ƙwayar dalili ne ta cusa mini ɗanta. Ka bari a yi auren tukuna, ni da kaina zan durƙusa na gaya masa."

"In ya tambaye ni fa?"

"Ka ce manomi ne. Ai yana noma, ko ba ya yi?"

"Yana yi."

"To ka ga ba ka yi ƙarya ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga famfo. Ita kuwa ta yi ta kuka, ta ce ba za ta bar wurin ba sai ya yi mata alkawari. Allah sarki, mutumin da ba ya iya ganin kare yana ɗingishi ya wuce, ina zai iya da kukanta? Ya yi mata alkawarin.

Ranar farko ta tafi lafiya lau, har Auta ta fara jin kunyar tsoronta.

Sun tsaya a garin da ke da dogon gini mai agogo a tsakiyar kasuwa, agogon da ya daina aiki tun kafin a haifi Mama. Baba ya sa kowa ya fito ya ɗaga kai.

"Yaya, agogon da ba ya tafiya muka zo kallo?" in ji Gwaggo. "Akwai irinsa a ɗakina, da ka faɗa ai da na nuna maka kyauta."

Sun tsaya a tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Sun tsaya a ƙauyen masu ginin tukwane, inda Mama ta sayi tulun da babu inda za a sa shi sai a kan cinyar Manaja. Taya ta yi faci a hanyar da ba inuwa, Dogo ya cire rigarsa ta sama ya shiga ƙarƙashin mota, Manaja yana gefe yana ba da shawara da hannu a aljihu. Da suka zo matakalar da ke sauka zuwa inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, Baba ya dubi matakalar, ya dubi sandarsa, sai ya miƙa wa Dogo hannu. Baban da ko Mama ba ya yarda ta riƙe shi. Auta ta juya baya don kada a ga murmushinta.

Gwaggo ma ta gani, kuma bai yi mata daɗi ba. Shi ya sa da suka zauna cin burodi da ayaba a gindin wata ƙatuwar bishiya mai kogo, wadda mutanen garin ke alfahari da cewa saniya na iya juyawa a cikinta, sai ta gyara zama.

"Wai ni Likita, mahaifin naka me yake yi kafin ya rasu? Mu dai namu kowa ya san shi, uban wannan yaron sai da ya yi shugaban ofis."

Auta ta ajiye burodin da ke hannunta.

"Noma yake yi, Gwaggo," in ji Dogo, idonsa a ƙasa.

"Noma kawai?"

"Ke dai ci ayabarki," in ji Mama. "Noma laifi ne?"

Baba ya juya kansa gefe. Yana can yana kallon kogon bishiya kamar bai taɓa ganinsa ba.

Washegari da hantsi suka isa ƙofar gandun. Masu gadi biyu suka taso suna gaishe da Baba, ɗaya har da sara masa, ko da yake ba su yi zamani ɗaya ba. A gefen ƙofar akwai wani ɗan gini mai ɗaki guda, rufin kwano, an rubuta ɗakin tarihi a jikinsa da fentin da ya fara ɓarewa. Wata mata mai ƙiba da mafici a hannu ce ke kula da shi. Ta buɗe musu tana hamma.

Ɗakin yana warin ƙura da tsohuwar fata. Ga ƙoƙon kan giwa a tsakiya, ga ƙahonin ɓauna a bango, ga bindigogin da aka ƙwace an jera su a cikin akwatin gilashi, ga tarkuna da haƙoransu sun yi tsatsa. Auta ta taɓa shiga ɗakin tana ƙarama, ba ta riƙe komai ba sai kan giwar. Da ta tuna da abin da ke bangon ƙarshe, wallahi da ta ce kanta na ciwo a wuce.

Hoto ne babba, ya fara komawa ruwan ƙasa. Ma'aikatan gandu a tsaye cikin kaki, Baba a cikinsu da sauran ƙuruciyarsa, gashinsa baƙi ƙirin. A gabansu mutum uku a tsugune, an zube musu tarkunansu a ƙasa. Biyu sun sunkuyar da kai. Na tsakiyar bai sunkuyar ba. Dogon mutum ne mai dogon wuya, yana kallon mai ɗaukar hoton ido cikin ido.

Auta ba ta taɓa ganin mahaifin Dogo ba, amma ba ta buƙaci a gaya mata ba. Wuyan nan, da goshin nan, kullum tana ganinsu.

Ta saci kallon Dogo. Ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

Baba ya dogara sandarsa a gaban hoton ya fara ba da labari. Ya faɗi yadda suka kwana a bakin rafi suna jira, ya faɗi yadda biyun suka zubar da kaya suka ruga kafin a kamo su, ya faɗi yadda na tsakiyar ya tsaya bai gudu ba. A hankali yake maganar, yana tsayawa yana jan numfashi, abin da ba ɗabi'arsa ba ce. Sai ya yi shiru, ya ci gaba, ya sake yin shiru.

Manaja ne ya kasa haƙuri.

"Kawu, dubi wuyansa don Allah. Ai wannan da a cikin gandun kuka bar shi, da kun samu ƙarin raƙumin dawa."

Gwaggo ta fashe da dariya har tana riƙe akwatin gilashi. Manaja ya ji daɗi, ya daki kafaɗar Dogo.

"Likita, kai ne ka san dabbobi. Wannan wane iri ne?"

Dogo ya buɗe baki. Auta ta ga ƙirjinsa ya ɗaga, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta san maganar ta taho. Tana bayan Mama, ba mai ganinta sai shi. Ta girgiza masa kai. Ta haɗa tafukanta a ƙirji, idanunta suka cika.

Ya dube ta.

Sai ya yi dariya. 'Yar gajeriya ce, busasshiya, amma dariya ce, kowa ya ji ta.

"Ban san irinsa ba," ya ce.

Manaja ya miƙa masa waya, ya ce ya ɗauke shi hoto a gefen mutumin. Dogo ya karɓa ya ɗauka.

Baba ya daɗe yana kallon Dogo. Daga nan ya juya, ya ɗingisa ya fita, bai ƙarasa labarin ba.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Kai, wauta dai ba ta da magani. A ranta har cewa take yi an tsallake.

Sun shiga motar gandu mai buɗaɗɗen rufi, aka zagaya da su. Sun ga barewa garke-garke, sun ga ɓauna kwance a laka, sun ga giwa da ɗanta suna tsallake hanya ba su ko dubi mota ba. Gwaggo ta ƙanƙame Mama tana karanta duk addu'ar da ta iya. Manaja ya cika waya da hotuna. Dogo yana kujerar ƙarshe, mutumin da ko tsuntsu ya gani sai ya gaya maka abin da yake ci, yau ko giwar bai ɗaga kai ya kalla ba. Sau biyu Auta tana yi masa magana a hankali, bai amsa ba. A nan ne gabanta ya fara faɗuwa.

Bayan azahar kowa ya shige ɗakinsa a masaukin baƙi. Auta ta nemi Dogo ba ta gan shi ba, sai can a kan dakalin katakon da aka gina a bakin tafki don masu kallon dorina. Jakarsa tana gefen ƙafarsa.

"Ina za ka da jaka?"

"Motar da ke kawo wa masauki kaya za ta koma gari da la'asar. Na yi magana da direban." Ya miƙa mata makullin motar Baba. "Ki ba Manaja, ya iya tuƙi."

Ba ta karɓa ba. Ya ajiye shi a kan katako.

"Dogo, me na yi maka? An fa wuce wurin. Ba wanda ya gane. Gobe mu koma gida, Baba ya ce e, shi ke nan."

"An wuce wurin," ya maimaita. "Ke kin wuce. Ni ina can a tsaye har yanzu."

"Don Allah ka zauna mu yi magana."

"Kin san rigar da ke jikinsa a hoton nan? Ni na ɗebo ruwan da aka wanke ta. Ranar da ya fita da ita na bi shi har bakin gona ina kuka sai ya tafi da ni, ya ɗaga ni sama ya ce in ya dawo zai saya mini takalmin makaranta. Ban taɓa sanin akwai hotonsa a duniya ba, Auta. Ba mu da ko ɗaya a gida. Tun da aka binne shi ban sake ganin fuskarsa ba sai yau. Kuma da na gan ta, dariya na yi."

Hawaye suka wanke mata fuska.

"Ni na sa ka. Laifina ne, ni na roƙe ka. Ka zage ni, ka yi mini duk abin da kake so, amma kada ka ɗora wa kanka."

"Ke kika girgiza kai, amma bakina ne ya yi magana. Ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Ya ɗana tarko, an kama shi, ya biya. Amma bai taɓa cewa bai san ni ba. Ranar da muka je ganinsa a gidan yari, a gaban kowa ya nuna ni ya ce wannan ɗana ne, likita zai zama. Ni kuma yau an tambaye ni wane irin dabba ne, na ce ban san irinsa ba."

Muryarsa ta karye. Ya juya mata baya yana kallon ruwa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, kuma ba ta so ta gani ba.

"To mu je yanzu," ta ce, tana jan hannun rigarsa. "Mu je wurin Baba, ni zan fara magana. In ya kore ka ya kore mu tare."

"Yanzu? In je in ce masa me? Baba, mutumin da na yi wa dariya ɗazu ubana ne, ku ba ni 'yarku? Ke in ke ce shi, za ki ba ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina son ki, Auta. Allah ya sani, da ba na son ki da ban yi abin da na yi ba. Shi ne abin da ya ba ni tsoro. In muka yi aure, duk ranar da na dube ki sai na ga hannayenki a ƙirji kina roƙona, sai na ji dariyar nan a kunnena. Ba na so wata rana in tashi in ga na tsane ki. Gara in tafi ina son ki."

"Kada ka yi mini haka. Ka ba ni lokaci, ko kaɗan ne. Wallahi tsoro ne kawai, tsoron kada in rasa ka ne."

"Na sani."

"To in ka sani, ina za ka?"

Ya zare hannun rigarsa daga hannunta a hankali, kamar yadda yake zare allura daga jikin dabba don kada ta ji zafi. Ya ɗauki jakarsa.

"Ki gaishe da Mama. Ki ce na gode da komai."

Ta durƙushe a kan katakon tana kiran sunansa, bai waiwayo ba. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Dorina suna ta fitar da hanci suna nutsewa, ba ruwansu.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba. Da ta tashi ta ɗauki makullin, ta nufi masauki tana jan ƙafa.

A baranda ta same su. Baba yana kan kujera ya ɗora ƙafarsa a kan wata, Mama tana shafa masa magani. Gwaggo tana fifita, ta riga kowa ganin makullin da jajayen idanun.

"Af, ya gudu ke nan? Ai ni tun jiya na ga take-takensa. Mutumin da ake tambayarsa ubansa yana kallon ƙasa. Yaya, ga dai naka na gida nan, ka san uwarsa ka san ubansa, me ake jira?"

"Ku ba mu wuri," in ji Baba.

"Ni ma?"

"Har ke."

Gwaggo ta tashi tana gunaguni, Mama ta bi ta, tana waiwayen 'yarta.

Auta ta durƙusa a gaban Baba. Ta shirya magana tun daga bakin tafki, amma kafin ta buɗe baki ya riga ta.

"Dogo ɗan mutumin hoton nan ne."

Ba tambaya ya yi ba. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba, yaushe ka sani?"

"Ranar da ya fara zuwa gaishe ni. Tun yana shigowa ƙofa na ga tafiyar, na ga wuyan. Mutumin da na kwana a daji ina jira, na zauna a kotu ina kallonsa, zan manta da kamanninsa? Da na ji rasuwarsa ma sai da na je gaisuwa. Yaron yana makaranta a lokacin, bai gan ni ba."

"Kuma ka bari yana zuwa gidanmu?"

"Me ya yi mini? Shi ya ɗana tarko?" Baba ya gyara ƙafarsa yana cije leɓe. "Tun jiya na gama gwada shi, Auta. Haƙuri yana da shi, ladabi yana da shi, hannunsa ba ya ƙin aiki. Abu ɗaya ya rage. Na kai shi gaban hoton nan, na tsaya ina jan labari kamar tsohon da ya rasa abokin hira, ina jira ya ce, Baba, wannan mahaifina ne. Wallahi da ya faɗa, a cikin ɗakin nan, a gaban gwaggonki da ɗanta, zan ce na ba shi ke. Ina son in gaya masa ma cewa a cikin ukun nan ubansa ne kaɗai ya tsaya ya ce kayan nasa ne. Sai yaron ya yi dariya."

"Ya buɗe baki zai faɗa, Baba," ta ce. "Ni na hana shi. Tun a gida yake so ya gaya maka, na yi ta kuka sai da ya yi mini alkawari. Ɗazu ma ina bayan Mama ina roƙonsa."

Baba ya kawar da kansa daga gare ta. Hakan ya fi mata zagi ciwo.

"Ke kika hana shi," ya ce daga baya.

"Na ji tsoro ne."

"Tsorona?" Ya dube ta, sai ta ga idonsa ya yi ja. "A cinyata kika girma, ke ce kike ɗauko mini sanda tun ba ki fi ta tsawo ba. A duk zaman nan, yaushe kika ga na ƙi mutum saboda ubansa? Ashe haka kika ɗauke ni."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ni mai sauƙi ne. Ba ni kika yi wa ba." Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Motar kayan nan ba ta cika tashi a kan lokaci ba. In kin same shi, ki ce na ce ya dawo mu sake shiga ɗakin nan, ni da shi kaɗai."

Ba ta tsaya neman takalminta da ya fice a matakala ba. Ta ruga ta bi hanyar tsakuwa, ta wuce ɗakin cin abinci, ta wuce wurin ajiye motoci, gyalenta yana ja a ƙasa. Ta danna lambarsa tana gudu, babu sabis a gandun, ta sani, amma ta yi ta dannawa.

Ƙofar gandu a rufe take. Mai gadi yana mayar da sakata. A kan hanyar babu komai sai sawun taya.

"Ta tafi, 'yata," ya ce. "Yau kam da wuri ta tashi."

Ta riƙe ƙarfen ƙofar tana haki. Matar ɗakin tarihi tana gefe tana kulle ɗakinta, ta tsaya tana kallon ƙafar Auta da ba takalmi.

"Dogon nan na cikinku kike nema?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Ai shi ya kusa sa motar ta bar shi. Ya zo da jaka ya ce in taimaka in sake buɗe masa. Na buɗe. Bai kalli komai ba, ya wuce can bangon ƙarshe ya tsaya. Direba yana ta yi masa hon. Can sai ya kira ni, ya ce, Inna zo ki gani. Na zo. Ya sa yatsa a kan na tsakiyar nan ya ce, wannan mahaifina ne."

Matar ta jefa makullin a jakarta.

"Na ce, Allah sarki, Allah ya ji ƙansa. Sai ya sake cewa, mahaifina ne. Ya ƙara faɗa, yana kuka, kamar ni na ce masa ba shi ba ne. Ni dai ban san me zan ce masa ba. Ba kowa a ɗakin sai ni, kuma ni ban tambaye shi ba."

Auta ta saki ƙarfen ƙofar, ta zauna a ƙasa.